Predator, Mercurial, King: yadda kamfanonin takalman ƙwallo ke cinikin tuna bara

A watan Janairun 2024 kamfanin Adidas ya fitar da sabon takalmin ƙwallonsa na Predator, kuma abin da ya fi jan hankalin jama'a a jikinsa wani ɗan yanki ne da bai kai tafin hannu ba, wato dogon harshen takalmin da ake lanƙwasowa ya rufe igiya. An yi shekaru da daina yin irin wannan harshe, domin ba ya ƙara wa ɗan wasa gudu ko ƙarfin bugu, nauyi kawai yake ƙarawa. Sai dai shi ne harshen da duniya ta gani a ƙafar Zinedine Zidane da David Beckham, saboda haka da aka dawo da shi aka sa a ƙafar Jude Bellingham, wanda aka haifa a 2003, kasuwa ta karɓa hannu bibbiyu. A wannan shekarar kamfanin ya farfaɗo da F50, takalmin da Lionel Messi ya yi tashe da shi. Nike ma ya bi sahu, inda a 2025 ya dawo da Total 90 III na farkon shekarun 2000, wannan karon a matsayin takalmin yawo a gari.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Manyan kamfanonin kayan wasanni sun gano cewa tuna baran haja ce mai tsada, kuma yayin da ake tunkarar gasar Kofin Duniya ta 2026 a Amurka da Kanada da Meziko, wannan haja ce ta cika musu rumfa. Ga mai kallon ƙwallo a Briqueterie ta Yawunde ko Nima ta Akra ko wata unguwa a Injamena, tambayar ita ce mene ne ainihin abin da ake sayarwa, kuma wa aka ƙera wa shi.

Tarihin da ake sayarwa na gaskiya ne. Craig Johnston, ɗan Ostireliya da ya buga wa Liverpool, shi ya zo da dabarar manna roba a saman takalmi domin ta riƙe ƙwallo ta ba ta lanƙwasa, Adidas ya karɓi dabarar ya fitar da Predator a 1994. Da Predator Accelerator Zidane ya shiga wasan ƙarshe na Kofin Duniya ranar 12 ga Yulin 1998, ranar da Faransa ta ci Brazil 3 da nema, ko da yake abin dariyar shi ne da ka ya ci ƙwallayensa biyu, takalmin bai taɓa su ba. A ɗaya ɓangaren akwai Ronaldo da Mercurial na farko, mai ruwan azurfa da shuɗi da ɗorawa, wanda ya rataya a wuya bayan an tashi wasa, hoton da Nike bai daina cin gajiyarsa ba har yau. Beckham ya yi bugun tazarar da ya kai Ingila Kofin Duniya a wasansu da Girka a watan Oktoban 2001 da Predator Precision. Sannan ga ƙwallon da Zidane ya ɗauka a sama da ƙafar hagu a birnin Glasgow ranar 15 ga Mayun 2002, a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai tsakanin Real Madrid da Bayer Leverkusen, da Predator Mania a ƙafarsa. Puma kuma na da King, wanda Pelé ya sa a 1970, Maradona ya sa a 1986.

Yaron da ya kalli waɗannan wasanni yana ɗan shekara goma sha biyu, yau ya haura arba'in ko yana dab da ita. A Turai da Amurka da Japan yana da albashi, yana da katin banki, kuma abin da mahaifinsa ya kasa saya masa a 1998 yanzu zai iya saya wa kansa. Shi ne abokin cinikin. Gwiwarsa ba lalle ta bar shi ya buga minti 90 ba, amma wannan bai dami kamfani ba, domin da yawa daga cikin waɗannan takalma ba za su taɓa taka ciyawa ba. A kwalinsu za su zauna, ko a cikin gilashi a falo.

Dalilin da ya sa abin ya yi ƙarfi a yanzu yana cikin littafin lissafin kamfanonin. A watan Oktoban 2022 Adidas ya raba gari da mawaƙi Kanye West, ya rasa cinikin takalman Yeezy, har ya rufe shekarar 2023 da asara, karo na farko cikin sama da shekaru 30. Bjørn Gulden, wanda ya baro Puma ya karɓi ragamar kamfanin a farkon 2023, ya leƙa rumbun tsofaffin ƙira ya ciro Samba da Gazelle. Samba kansa takalmin ƙwallo ne da aka ƙera wajen 1950 domin wasa a daskararren fili. Matasan Paris da Landan da Seoul suka mayar da shi na ado, kuma a 2024 cinikin Adidas ya kai kusan Yuro biliyan 23.7. Tsohuwar ƙira tana da arha ga kamfani: ba sai an kashe kuɗi wajen koya wa mutane sunanta ba, ba sai an nemo sabon labari ba, Zidane ya riga ya yi tallan tun shekaru 20 da suka wuce. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma a nan majinyacin shi ne kamfanin da kansa.

Suffar da, kayan yanzu

Wanda ya ɗauka zai sami takalmin Zidane a cikin kwalin, to ya sake dubawa. Lokacin da Adidas ya sake fitar da Predator Mania a 2017, saman ne ya yi kama da na 2002, amma ƙasan da ƙusoshinsa na sabon samfurin wancan lokaci ne. Haka akasarin irin waɗannan takalma suke. Ana ɗauko launi da zane da harshe daga tsohon, a ɗora su a kan ƙasa marar nauyi. Tsofaffin takalman fata kan kai giram 300 ko fiye, na gudu na yanzu da yawa ba sa kai 200. A wannan fanni sabon ya fi tsohon: ba ya shan ruwa ya yi nauyi, kuma ba ya buƙatar a yi makonni ana sa shi kafin ya saba da ƙafa.

Babban canjin yana wajen fata. Shekaru da dama, abin alfaharin takalmin ƙwallo mai daraja shi ne fatar kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai tsalle, domin fatarta siririya ce, tana da laushi, ga ƙarfi. Da ita aka san Puma King, da Nike Tiempo, da Copa Mundial na Adidas wanda ya fito a 1979 kuma ake ɗinka shi a garin Scheinfeld na Jamus. Masu fafutukar kare dabbobi sun daɗe suna matsa lamba, jihar California ta haramta sayar da kayan fatar kangaru, kuma a watan Maris na 2023 Puma da Nike suka sanar da cewa za su daina amfani da ita kafin ƙarshen shekarar. A watan Mayun 2025 Gulden ya shaida wa masu hannun jari cewa Adidas ma ya daina sayenta. Hukumomin Ostireliya dai na cewa farautar tana da ƙa'ida da adadin da ba a wucewa, amma kamfanonin sun riga sun yi lissafinsu. A 2023 Puma ya koma yin King da wata fatar roba da yake kira K-Better. Ke nan a daidai lokacin da ake cika kasuwa da takalman tuna baya, abin da ya sa tsohon takalmin ya yi daɗi a ƙafa shi ne ake cirewa. Sunan ya rage, da launin.

Akwai abin lura a nan ga yankinmu. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi, kuma har yau majemun Kano na tura fata Turai. A Italiya ƙananan kamfanoni irin su Pantofola d'Oro na garin Ascoli Piceno suna rayuwa da ɗinka takalman ƙwallo na fata ga masu son irin na da. Mu muna da fatar, muna da dukawa, muna da miliyoyin yara masu buga ƙwallo, amma fatar tafiya take yi ɗanya ko rabin jima, takalmin kuma ya dawo mana daga Asiya.

Ƙarancin da aka shirya

Abin da ke mayar da takalmi kayan tarawa shi ne ƙarancinsa, kuma kamfani ne ke ƙayyade ƙarancin. A 2013, domin cikar Mercurial shekara 15, Nike ya fitar da wani mai launin na Ronaldo, guda 1,998 kacal a duniya, kowane da lambarsa. Adadin ba shi da wata alaƙa da abin da masana'anta za ta iya ɗinkawa, shekarar gasar kawai aka kwaikwaya. Irin wannan kaya kan ƙare a shafin intanet cikin mintuna, wani lokaci dillalai ne ke kwashewa da manhajojin da ke saye kafin mutum ya gama rubuta sunansa, daga nan sai ya bayyana a shafukan sake sayarwa irin su StockX da eBay a farashi mafi tsada. Kamfanin ba ya cin ribar dillalan, amma yana samun abin da ya fi ta: surutu. Surutun ne ke sayar da dubban takalma na gama-gari masu kama da shi.

Ya kamata mai saye ya fahimci wannan tsari. Kowane samfuri kan fito hawa-hawa. A Adidas akwai Elite, da Pro, da League, da Club. A Nike akwai Elite, da Pro, da Academy, da Club. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, amma kayan da aka yi su da su sun bambanta, na ƙasa kan yi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na farashin na sama. Wanda Bellingham ke sawa shi ne na ƙololuwa, kuma a shagunan Turai irinsa kan kama daga Yuro 250 zuwa 300.

A mayar da wannan kuɗin sefa a gani. Yuro ɗaya sefa 655.957 ce, don haka Yuro 300 ta kusa jika 197. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne, wato lebura zai yi aikin wata huɗu da rabi da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe kwalin. A Chadi, inda mafi ƙarancin albashi yake jika 60, ya fi na wata uku. Ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan a ciki ba.

Masu tallata wannan kaya a matsayin jari sukan kawo misalin rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila a 1986, wadda aka sayar fam miliyan 7.1 a gidan gwanjon Sotheby's a watan Mayun 2022, ko riguna shida na Messi na gasar Katar da suka tashi dala miliyan 7.8 a ƙarshen 2023. Wannan kwatanci yaudara ce. Rigar Maradona guda ɗaya ce, da guminsa a jiki, kuma babu wanda zai iya ɗinka ta biyu. Takalmin da masana'anta ta yi bara, za ta iya sake yin sa baɗi da wani launi, kuma hakan take yi: Predator Mania ya sake fitowa sau da dama bayan 2017. Nike ya ɗanɗana kuɗarsa a wannan hanya. Ya cika kasuwa da Air Force 1 da Dunk da Jordan 1 har mutane suka ƙoshi, farashinsu a hannun dillalai ya faɗi, aka sauya shugaban kamfanin a watan Oktoban 2024, Elliott Hill ya karɓa ya fara rage yawansu, kuma cinikin shekarar kuɗi ta 2025 ya ragu da kashi 10 cikin ɗari. Babu dalilin da zai sa takalman ƙwallo su tsira daga irin wannan ƙoshi. A ganina, duk wanda ya sayi irin wannan takalmi domin yana son sa, ya sami abin da ya biya. Wanda ya saya yana jiran riba, caca yake yi da wanda ke riƙe da injin ɗinki.

Ko ajiyar ma ba ta da tabbas. Gam da robar da ake haɗa ƙasan takalmi da su suna lalacewa da shekaru ko ba a sa shi ba, zafi da danshi kuma suna gaggauta hakan. Masu tara tsofaffin takalma sun san cewa na 2002 da bai taɓa fita daga kwali ba yana iya ɓarewa a wasan farko. A ɗakin kwano a Garwa ko Zindar cikin watan Afrilu, ko a danshin Duwala, ba sai an jira shekara 20 ba.

Gwanjo iri biyu

Kalma ɗaya Hausa ke da ita ga abin da ake yi a Sotheby's da abin da ake yi a Ƙofar Wambai ta Kano, wato gwanjo. Ta hanyar gwanjo na biyu, wanda a Nijar ake ce wa bosho, akasarin 'yan wasanmu ke samun takalmi na asali: a Katako ta Yamai, a Mokolo ta Yawunde, a Missèbo ta Kwatano, a Kantamanto ta Akra wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025. Tashen tsofaffin ƙira yana taɓa wannan kasuwa ta fuska biyu.

Ta farko, kafin a ɗaure dila a Turai ana tantance kayan, kuma abin da ke da daraja a can ake barin sa. A da, tsohon Predator ko Total 90 shara ne a idon mai tantancewa, sai ya biyo dila. Yanzu da ya san akwai mai biyan ɗaruruwan Yuro a kansa, da wuya ya bar shi ya wuce. Abin da ke isowa sai ya ƙara zama na ƙasa-ƙasa. Duk da haka wani kan kuɓuce, kuma ɗan gwanjon da ya san bambancin Mania da Precision, ya iya karanta ɗan ƙyallen da ke cikin takalmin mai ɗauke da lambar samfuri da wata da shekarar ƙira, yana iya gane cewa abin da zai sayar jika biyar ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ta biyu ita ce jabu, kuma ita ta fi girma. Rahoton da ƙungiyar OECD da ofishin kare haƙƙin mallaka na Tarayyar Turai suka fitar a 2019 ya nuna cewa takalma ne kan gaba a cikin jabun kayan da jami'an kwastan ke kamawa a duniya, kusan kashi 22 cikin ɗari na darajarsu. Takalmin tuna baya ya fi kowane daɗin kwaikwaya, domin abin da ake saye a jikinsa kamanni ne, kamanni kuwa shi mai jabu ya fi ƙwarewa a kai. Don haka ake ganin takalmin da aka ce guda dubu biyu ne a duniya yana rataye a rumfuna goma a kasuwa ɗaya, ko ana tallansa a Facebook da TikTok da WhatsApp a farashin da bai kai kashi goma na asalinsa ba. Mai saye da yawa ya san jabu ne, kuma ba ni da abin zarginsa. Matsalar tana ga wanda aka karɓi kuɗin na asali a hannunsa, da kuma yaron da ƙusa ta ɓalle masa yana tsaka da gudu.

Akwai kuma batun fili, wanda talla ba ta ambata. Harufan da ke jikin kwali suna da ma'ana: FG na ciyawar gaske ce mai ɗan tauri, SG mai ƙusoshin ƙarfe na fili mai laka, AG na ciyawar roba, TF kuma mai ƙananan ƙuraje da yawa a ƙasa na fili mai tauri. Akasarin takalman tarawa FG ne. Filayen unguwanninmu jar ƙasa ce da tsakuwa da yashi, inda dogayen ƙusoshi ba sa nutsewa, sai su bar nauyin jiki a kan wurare ƙalilan, su cinye cikin 'yan makonni, su kuma sa idon sawu cikin haɗari. A kan ciyawar roba irin wadda tallafin FIFA ya shimfiɗa a birane da dama, ƙusoshi masu kaifi kan riƙe ƙafa fiye da kima a lokacin da gwiwa ke juyawa. TF mai arha ya fi wa ɗan wasan unguwa amfani a kan Elite na jika 197. 'Yan Abijan sun daɗe da yanke hukuncinsu, da takalmin roba na lêkê suke buga wasan maracana a titi.

Abin da ya rage shi ne na wa ake tunawa. Mu ma mun kalli waɗannan shekaru, a gidajen kallo da talabijin ɗin maƙwabta, kuma muna da namu: Roger Milla yana rawa a kusurwa a 1990, Najeriya da zinariyar Atlanta a 1996, Kamaru da ta Sydney a 2000, rigar Kamaru marar hannu da Puma ya ɗinka aka ci Kofin Afirka da ita a Mali a 2002 kafin FIFA ta hana sa ta a Kofin Duniya, ƙwallon Papa Bouba Diop a ragar Faransa a wannan shekarar. Sau ɗaya da aka gwada wannan rumbu da gaske, an ga abin da ya faru. Rigar Najeriya ta 2018, wadda Nike ya ɗauko zanenta daga ta 1994, ta ƙare a ranar da ta fito, mutane sun yi dogon layi a titin Oxford na Landan, kuma da ita Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a Volgograd. Amma ko a lokacin, shagunan Landan aka fara kai wa, yayin da a Legas da Kano jabunta ce ta cika gari tun kafin ta asalin ta fito. A fannin takalma kuwa, jerin waɗanda ake sake fitarwa har yanzu na Zidane ne da Beckham da Ronaldo da Rooney.

Ghana da Senegal da Côte d'Ivoire na cikin ƙasashen Afirka da suka sami gurbi a gasar 2026, kuma kamar yadda aka saba, kamfanonin kan fitar da sababbin launuka kafin a busa usur a irin wannan gasa. Na asalin za su tsaya a shagunan Paris da Dubai da kuma akwatin ɗan uwa mai dawowa hutu. Kwafinsu zai riga su isowa ta tashoshin Lome da Kwatano da Duwala, na gwanjon kuma sai bayan shekara biyu ko uku, lokacin da mai shi na farko ya gaji da shi. A nan ne mai gyaran takalmi na bakin kasuwa zai karɓe shi, ya bi gefen ƙasan da zare da basilla tun kafin a sa shi, domin ya san gam ɗin ba zai kai damina ba.